Gammon furanni a ƙofar gida: ado ne ko alamar makoki?

Maman_Ilham_Ohayo
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah kar a yi min dariya. Watanmu huɗu da tarewa a sabon gida a nan Kolombos, jihar Ohayo ta Amurka. Tun da sanyi ya ja da baya na lura kusan kowace ƙofa a layinmu an rataya mata wani zagayayyen abu na furanni da ganye, wani da lemon tsami na roba, wani da furen nan mai bin rana. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, ta ce wannan na bazara ne, ita sau huɗu take sauyawa a shekara. Abin ya shiga raina. Na leƙa shago na ga mai ɗan kyau ya haura dala 60, na ce a'a, bari in haɗa da hannuna.

Matsalata biyu. Ban san ta inda ake farawa ba. Sannan da na nuna wa Hajiyar maigidana ƙofar maƙwabciyar ta waya, sai ta yi salati ta ce, "Wa ya rasu a gidan?" Tun daga nan jikina ya yi sanyi. Shin abin makoki ne? Ko na coci ne? In ba komai, wa ta taɓa yi ta koya min?

Binta_Manchesta
Wa alaikumus salam. Wallahi Hajiya ta ba ni dariya, amma ba laifinta ba ne. Mu a gida ina muke ganin irin wannan in ba ranar 15 ga Janairu ba, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ga shugaban ƙasa ya ɗauka ya ajiye a gaban mutum-mutumin soja a Abuja? Dole ta ce mutuwa aka yi.

Dan_Tudun_Wada
To da farko ma mene ne sunan abin da Hausa? Ku gaya mana, kar mu yi ta "abin nan, abin nan".

Binta_Manchesta
Ni dai gammon fure nake ce masa. Ka dube shi da kyau, ba gammo ba ne? Sai dai wannan ba a ɗora masa tulu.

Dan_Tudun_Wada
Shi ke nan, an raɗa suna. Saura yankan rago.

Anti_Rahila_Jos
Maman Ilham, bari in amsa miki ɓangaren coci tunda ni Kirista ce. Akwai wanda yake na ibada, ana kiransa na Adbent, wato makonni huɗu kafin Kirsimeti. Shi wannan a kan tebur ko a gaban coci ake ajiye shi a kwance, da kyandirori huɗu, kowace Lahadi a kunna ɗaya. Asalinsa daga Jamus ne, wani fasto mai suna Johann Wichern da ke riƙon yara marasa galihu a Hambog shi ya fara a 1839, da tsohuwar ƙafar keken doki ya yi, ya jera mata kyandir don yaran su daina damunsa da tambayar saura kwana nawa. Sai kuma na ƙofa na lokacin Kirsimeti, mai koren ganye da jan ƙyalle. Wannan ma ya fi kusa da al'ada, amma dai an san shi da bikin.

Wanda kike magana, mai lemo da fure a watan Yuni, ban taɓa jin wani fasto ya ce a yi shi ba. Kwalliya ce irin ta matan Amurka. Mu nan Jos ma ba kowa ke yi ba.

Maman_Ilham_Ohayo
Na gode ƙwarai Anti, Allah ya saka da alheri. Hankalina ya ɗan kwanta.

Abu_Huzaifa
'Yar uwa, kar hankalinki ya yi saurin kwanciya. Abin da ya samo asali daga bukukuwan waɗansu, ko an sauya masa launi asalin yana nan. Tun kafin Kiristanci Girkawa da Romawa suke saka irin wannan da'irar ganye, kuma suna danganta ta da gumakansu. Hadisi ya zo a Abu Dawuda cewa wanda ya yi kama da wasu mutane to yana cikinsu. Me zai kai ki? Ki share ƙofarki ki zauna lafiya.

Malama_Zinariya
Malam Abu Huzaifa, hadisin gaskiya ne, amma a ina malamai suka ɗora shi? A kan abin da ya keɓanta da addininsu ko ya zama tambarinsu. In kuwa duk abin da wani arne ya taɓa yi a tarihi ya haramta, to sai mu ajiye cokali da agogo. Girkawan da ka ambata a ka suke ɗora wa wanda ya ci gasar Olamfik kambin ganyen zaitun, yau kuma lambar zinariya ake ba shi, 'ya'yanmu na gudu suna karɓa ba wanda ya ce komai. Asali a cikin al'adu halacci ne. Kuma a Sahihu Muslim aka ce Allah mai kyau ne yana son kyau. Ni abin da zan ce mata kawai, ta cire shi kafin Disamba in tana gudun a fahimce ta ba daidai ba, kuma kar ta sa niyyar wai yana kore wani sharri ko yana jawo arziki.

Abu_Huzaifa
Malama na ji, amma barin abin da ke da shubuha ya fi. Ni dai na faɗi nawa.

Hajiya_Bronks
Ku bar wa malamai nasu, ni bari in koya wa yarinya aiki, shekarata tara ina yi.

'Yata, fara da awon ƙofa. Yawancin ƙofofin gaba a ƙasar nan faɗinsu inci 36 ne, don haka gammon da zai zauna daidai ya kai inci 22 zuwa 24 bayan kin gama. In ya yi ƙarami sai ya zama kamar ɗankunne ɗaya a kunnen giwa. Gindin da ake ɗora aikin iri uku ne: akwai na busasshen reshen inabi da aka murɗe, akwai na waya, akwai na soso mai tauri. Ke da kike koyo ki ɗauki na reshen inabi mai inci 18. Dalili, shi ko ba ki rufe shi duka ba yana da kyaunsa, kuma karan fure yana shiga tsakanin rassan ya maƙale da kansa. Za ki samu a shagunan kayan aikin hannu irin su Michaels ko Hobby Lobby, sai dai Hobby Lobby ba sa buɗewa ranar Lahadi, kar ki ɓata manki.

Sai ki sayi ganye kala biyu, manyan furanni uku ko biyar, ƙanana 'yan cike gurbi, siririyar wayar ɗaure fure, da filaya mai yanka. Kar ki yanke karan fure da almakashin ɗinki, akwai ƙarfe a ciki, zai dakushe miki shi.

Ga inda sababbi ke kuskure: suna fara manna manyan furanni. A'a. Ganye ne farko. Ki soka su duk suna kallon gefe ɗaya, kamar yadda hannun agogo ke tafiya, kowane ya rufe gindin na gabansa. Sannan manyan furanni, ki tara su wuri ɗaya a ƙasa ta hagu ko ta dama, kar ki rarraba su daidai-wa-daida kamar an jera kwalla a kabet. Kafin ki ɗaure komai ki rataya shi a ƙofar ki ja da baya har bakin titi ki duba. Abin da ya yi kyau a kan tebur ba lallai ya yi kyau a tsaye ba.

Maman_Ilham_Ohayo
Hajiya Allah ya ƙara girma, na kwafe duka. To bindigar gam fa, wadda ke narka gam da zafi? Duk bidiyon da na kalla a YouTube da ita suke aiki.

Hajiya_Bronks
Ki yi amfani da ita kaɗan, amma waya ce mai riƙewa. Bari wadda ta ji a jikinta ta ba ki labari. Ummu Khalil kina ina?

Ummu_Khalil_Hustan
Ga ni Hajiya, kin tono ni. Maman Ilham, bara na zauna kwana biyu na haɗa nawa, gam kawai na sa, ko waya ɗaya babu. Gidanmu irin mai ƙofa biyu ne, ta katako a ciki, ta gilashi a waje, kuma yamma take kallo. Na rataya shi a tsakaninsu don kar ruwa ya taɓa. Ashe tanda na saka shi. Zafin Hustan na Yuli ya taru a tsakanin ƙofofin nan, gam ya saki, na dawo daga aiki na tarar da lemona uku a ƙasa, ɗaya ya manne da fentin ƙofa. Har yau tabon na nan, maigida in ya so tsokana sai ya nuna wa baƙi.

Don haka ki duba ina ƙofarki ta kalla. In rana na dukanta kai tsaye, ja da shuɗi da shunayya su ke fara koɗewa, cikin 'yan makonni za ki ga ja ya koma kalar ruwan wanke nama. Fari da ruwan ƙwai da kore sun fi jurewa. Akwai furannin da aka rubuta musu cewa na waje ne, akwai kuma wani feshi na kare launi daga rana, yana taimakawa amma ba ya hana gaba ɗaya.

Sadiya_KD
Ni tambayata, me ya sa sai na roba? Ba a yi da fure na gaske?

Hajiya_Bronks
Ana yi, amma ɗanyen fure a ƙofa da zafi kwana biyu ne ya langaɓe. Sai dai busasshe, irin su labanda, wani fure mai ƙamshi, da ganyen turare, ki ɗaure su ki rataya kai ƙasa a wuri mai duhu mako biyu ko uku. Su kuma ba sa son ruwa da iska, sai ƙofar da ke da rumfa.

Dan_Tudun_Wada
Ni fa har yanzu ina mamakin ku. Bahaushe ya rasa adon ƙofa ne sai ya aro? Ku zo Zariya cikin gari ku ga fuskar tsofaffin gidaje, zanen da magina suka fitar da hannu a jikin laka tun tana ɗanya, ga dagi, ga zankwaye a sama. Ku dubi ƙofar fadar Zazzau. Wannan shi ne adon ƙofa, ba furen roba daga Sin ba.

Hadiza_Damagaram
Gaskiyarka Malam, mu ma a unguwar Birni ta Zinder akwai su, baƙi har hoto suke zuwa ɗauka. Amma ka lura da abu guda: wancan adon na maigida ne, shi ke kiran magini ya biya, don a san gidan wane ne. Mace adonta a cikin ɗaki yake, jere da faifai da tasoshi. Wanda bai shiga ba bai gani ba. Su kuma can mace ce ke yi wa ƙofar waje ado. Ina ga shi ya sa abin ya zo mana baƙo, ba don furen ba.

Malama_Zinariya
Hadiza kin faɗi magana. Ban taɓa kallonsa ta nan ba.

Dan_Tudun_Wada
To ai sai ta kira magini ya yaɓa mata laka a gidan Ohayo mu gani.

Ummu_Khalil_Hustan
Ƙungiyar masu gidajen unguwa ta ci ta tara kafin lakar ta bushe. Af, wannan ma abin dubawa ne Maman Ilham, in unguwarku na da irin ƙungiyar nan ki karanta takardarsu. Yawanci ba sa hana gammon fure, amma wasu na da ƙa'ida kan abin da ake ratayawa a waje.

Binta_Manchesta
Mu nan Ingila masu zama a bene mai ɗakuna da yawa abin ya fi tsanani. Tun gobarar Grenfell ta 2017 a Landan, wadda ta ci mutum 72, masu kula da gidaje da dama suka hana ajiye komai a barandar da kowa ke bi. Ni na rataya nawa mako ɗaya sai ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa, wai in cire, har da tabarmar goge ƙafa. Da farko na ji haushi, amma da aka yi min bayani cewa ƙofar ta tare wuta ce, ba a huda ta da ƙusa, kuma roba in ta kama hayaƙinta ke cika hanyar gudu, sai na yi shiru. Yanzu a ƙofar kicin yake ta ciki, ni kaɗai nake kallon abina.

Fati_Grinsboro
Sannunku. Ni 'yar Maradi ce, ina Karolina ta Arewa. Maganar Dan Tudun Wada da ta Hadiza ce ta sa zan faɗi yadda na yi nawa. Da na je gida na taho da faya-fayai guda shida, masu ja da kore da baƙi. Na ɗauki babba ɗaya na ɗaure masa ganye da fararen furanni a gefe guda kamar jinjirin wata, na bar saƙar a fili, na sa igiya ta baya. Shi ke ƙofata yanzu. Ba wanda zai gani ya ce makoki ne ko Kirsimeti. Matar da ke kawo mana wasiƙu ta tsaya ta tambaye ni inda na saya, na ce kakata ce ke saƙawa, da shi muke rufe ƙwaryar fura. Har ta roƙi ɗaya.

Abu ɗaya, rinin faifai ba ya son ruwa. In ya jiƙe jan yana zuba ya ɓata farar ƙofa. Tawa tana da rumfa shi ya sa.

Maman_Ilham_Ohayo
Kai! Fati wannan dabara ta yi. Ina da faifai biyu a cikin kayan aurena, tun da na zo suna cikin akwati.

Sadiya_KD
Kar ki fitar da na aure rana ta cinye shi, ki sa a sayo miki a kasuwar Kurmi, ba tsada.

Zainabu_Nima
Gaisuwa daga Ankara, ta Gana ba ta Turkiyya ba. Ni tela ce, nawa da ragowar atamfa nake yi. Ki samu gindin waya mai inci 14, ki yayyanka ƙyalle faɗin inci ɗaya tsawon inci shida ko bakwai, ki yi ta ƙullawa a jikin wayar kina matsawa har ta ɓace. Ba gam, ba allura. Yana cin kamar yadi biyu zuwa uku in kina so ya cika ya yi tuuu. Yara ma za su taya ki, Ilham in ta iya ɗaure takalmi ta iya wannan. Kala uku ya isa, in kin zuba duk abin da ke buhun tela zai fito kamar rigar mahaukaci.

Musa_Injiniya
Ba wanda ya yi maganar ratayawa. In ƙofar ƙarfe ce, gwada da maganaɗisun firij, in ya kama sai ki sayi ƙugiya mai maganaɗisu, ba huji ba tabo. In katako ce akwai ƙugiyar da ake saƙalawa ta saman ƙofa, amma ki tabbata akwai 'yar rata a sama, in ba haka ba ƙofar ba za ta rufu da kyau ba, sanyin na'ura ya riƙa fita kuɗin wuta ya hau. Sannan ki manna ɗan ƙyalle mai laushi a bayan gammon, reshen inabi yana karce fenti duk buɗewa da rufewa.

Baba_Alhaji_Shikago
'Ya'yana ku ƙara da tsuntsaye. Shekaru uku da suka wuce wata 'yar tsuntsuwa, wadda namijinta ke da jan kai, ta yi sheƙa a cikin na uwargidana, ta zuba ƙwai huɗu. Na ɗauko tsintsiya, ɗana ya riƙe min hannu, ya ce Baba akwai dokar tarayya tun 1918 da ta kare irin waɗannan tsuntsaye, ba a taɓa sheƙar da ke da ƙwai ko 'ya'ya. Haka muka koma shiga ta gareji kusan wata guda, da ni da rawanina ranar Juma'a, har suka ƙyanƙyashe suka tashi. Kashin da suka bari a ƙofar kuwa ba a magana. Yanzu da ta ga an fara tara ciyawa take saukewa ta ɓoye kwana biyu, tun kafin a kai ga ƙwai.

Dan_Tudun_Wada
Allah ya ja kwana Baba, tsuntsu ya kori maigida daga ƙofarsa. Da a nan ne da tuni yara sun yi masa danƙo.

Sadiya_KD
To mu da ke gida in muna so fa? Bazararsu ai daminarmu ce, Yuni zuwa Agusta. Tamu bazarar ta Maris da Afrilu kuwa ko ƙarfen get ba ya taɓuwa, balle gam.

Hadiza_Damagaram
A get kam kar ki fara, in rana ta bar shi akuya ba za ta bari ba, in akuya ta bari yaran unguwa na nan. Ƙofar falo ce wurinsa. Ki murɗe kaba ta zama gindin, ki sa zangarniyar gero, da auduga da ba a cire daga ƙwansonta ba, da busasshen zoɓorodo don ja. Na ga wata ta yi a wurin biki, ya yi kyau sosai.

Anti_Rahila_Jos
Gero a ƙofar falo? Kin gayyaci ɓeraye walima ke nan. Kuma don Allah kar wata ta ga furen tumfafiya ya ba ta sha'awa ta tsinko, farin ruwan nan nasa mai kama da nono in ya shiga ido masifa ce.

Hadiza_Damagaram
Na kwana biyu ne Anti, a gama biki a ba kaji.

Abu_Huzaifa
Na dawo na karanta duka. Na faifai da na atamfa ban ga abin cewa ba, tunda ba su yi kama da nasu ba. Amma ku sani a ƙasar Girka har yau ranar 1 ga Mayu suke saƙa na fure su rataya a ƙofa, ya zauna har wajen 24 ga Yuni su ƙone shi a bikin wani waliyyinsu. Don haka cewa na bazara ba shi da wata alaƙa da aƙida ko'ina, ba haka ba ne.

Malama_Zinariya
Wannan gyara ne mai kyau Malam, na karɓa. Sai dai ita a Ohayo take, maƙwabciyarta kuma in ta sauke nata a kwali take sa shi sai baɗi.

Maman_Ilham_Ohayo
Na gode muku duka. Ga inda nake: jiya na sayo gindin reshen inabin da ganye da waya, dala 23 suka tashi. Na duba, ƙofarmu arewa take kallo kuma tana da rumfa, maganaɗisu ma ya kama. Amma tun da Fati ta yi maganar faifai na kasa fitar da shi daga raina. Na sake kiran Hajiya na ce mata faifai zan rataya a ƙofa, ta yi shiru, sannan ta ce, "To da me za ki rufe abincin mijinki?"

Binta_Manchesta
Hajiya dai ba ta da dama. Ki turo mana hoto in kin gama.

Hajiya_Bronks
Ganyen da kika saya kala nawa ne? In ɗaya ne ki koma ki ƙaro mai ɗan haske, in ba haka ba daga titi baƙi ƙirin zai fito a ƙofar da ke inuwa.

Fati_Grinsboro
Kuma in faifan za ki yi, igiyar ta bi ta cikin saƙar layi na uku daga baki, ba na farko ba. Na farkon yana warwarewa.